Jinin Auta a Jikin Ɗigo

Tela mutum ne mai tsabta har ta yi yawa, amma ba haka aka haife shi ba. 'Yarsa ce ta mayar da shi haka.

Yarinyar, wadda kowa ke kira Ɗigo saboda ƙanƙantarta ranar da ta zo duniya, tun tana goye aka gane garkuwar jikinta ba cikakkiya ba ce. Murar da wani yaro zai yi ya watsake yana wasa, ita sai ta kai ta gadon asibiti. Likitoci suka ce akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne su gane cuta su far mata, to nata kaɗan ne, kaɗan ɗin ma ba su da kuzari. Maganin dindindin shi ne dashen ɓargo, shi kuma sai ta yi ƙwari, sai kuma an sami wanda nasa ya dace da nata.

Daga ranar Tela ya juya rayuwarsa kaf. Ya toshe ƙofar da ta haɗa shagonsa da cikin gida, ya koma zagayawa ta waje. Duk wanda ya zo awo yana tari, a bakin titi ake auna shi, in ya ji haushi ya kai ɗinkinsa gaba. Kafin ya shiga gida sai ya tuɓe kayan aiki, ya yi wanka, ya wanke hannu har zuwa gwiwa, ya sake wankewa. Fatar yatsunsa ta tsattsage, har zare yakan maƙale a ciki in yana zura allura. Ya daina zuwa taro, ya daina zaman hira. Shi ke ba da magani, shi ke tafasa ruwa, shi ke ɗinka mata takunkumin fuska da ragowar yadi mai laushi. Kuma shi ke cewa kada. Kada ki taɓa, kada ki fita, kada ki sa a baki. Har ta kai in ya buɗe baki Ɗigo takan riga shi, ta ce, “Na sani, Baba, kada.”

Yana da ƙane guda ɗaya, Auta, direban babbar mota. Duk abin da Tela yake, Auta kishiyarsa ne. Dogo ne, mai ƙatuwar murya, mai dariya da dukan cinya. Ba garin da bai kwana ba, ba abincin bakin hanya da bai ci ba, ba ruwan da bai sha ba. Bai yi aure ba, in an tambaye shi sai ya ce motarsa ba ta son raba miji. In ya dawo daga tafiya yakan zo gidan wansa da warin man inji da gumin hanya, Tela kuwa ba ya barinsa ya wuce baranda. To sai Auta ya ja kujera ya zauna a bakin tagar ɗakin Ɗigo, gilashi a tsakaninsu, ya shiga ba ta labari. Ya yi kukan akuyar da ta tare masa hanya, ya yi tafiyar ɗan sandan da takalmi ya matse, ya manna hancinsa a gilashi har ya baje. Ɗigo ta yi ta dariya har ta riƙe ciki, tana cewa, “Baba Ƙarami, sake! Sake!”

Tela yana jiyo wannan dariya daga shago. Bai taɓa samun irinta daga gare ta ba. Idan Auta ya tafi, yakan ɗauki tsumma da sabulu ya goge inda hancin ya taɓa, ya goge fiye da yadda wurin yake bukata.

Shekarar da Ɗigo ta fara famfara, duk da wannan tsaro, wata ƙwayar cuta ta shige ta. Zazzaɓi ya ƙi sauka, cikinta ya ƙi riƙe komai, ta fara cewa tana ganin hazo-hazo. Aka kwantar da ita a wani ɗaki na musamman a hawa na sama, mai ƙofa biyu, inda ba a shiga sai an sa riga da hula da takunkumi. Likitar da ke kula da ita, wata mace mai sanyin murya da ba ta ɓoye gaskiya, ta ce bairos ne, irin wanda yake kwance a jikin mutane da yawa ba tare da ya dame su ba, don garkuwarsu ta danne shi. A jikin Ɗigo kuwa ya sami gida babu mai gadi.

Aka sa mata magani ta jijiya. Ya yi kamar zai yi aiki, sai yawan bairos ɗin ya sake hawa. Aka sauya wani, shi kuma ya fara taɓa mata ƙoda. Wata safiya Likita ta kira Tela da matarsa ofishinta.

“Maganin ya kai iyakarsa,” in ji ta. “Amma akwai wata hanya. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna da tunani. Duk cutar da suka taɓa karo da ita, wasu daga cikinsu ba sa manta fuskarta har mutum ya mutu. Idan muka sami ɗan'uwa na jini wanda ƙwayoyinsa suka san wannan bairos, kuma suka yi kama da na Ɗigo yadda jikinta ba zai kore su ba, za mu tace su, mu raine su su yi yawa, mu sa mata. Su yi mata yaƙin da nata suka kasa.”

Tela ya riga ya fara naɗe hannun riga. “Ga ni, Likita. Ku ɗiba yanzu.”

“Za mu gwada ka. Ke kuma,” ta dubi matar, wadda cikinta ya tsufa har tana zama da ƙyar, “ba za mu taɓa ki ba a wannan hali. Akwai wani ɗan'uwa na kusa? Gara mu gwada mutum fiye da ɗaya.”

“Babu bukata,” in ji Tela. “Ni ne ubanta.”

Amma da suka fito, ya shiga wanke hannu, sai matar ta koma gefe ta buga wa Auta waya. Washegari da hantsi sai ga shi ya faɗo asibitin, ya bar motar da kaya a hannun wani, idanunsa jawur don tuƙi. Tela ya dubi matarsa. Ta ce, “Baban Ɗigo, ka yi min faɗan daga baya. Yanzu ba lokacinsa ba ne.”

Aka ɗebi jininsu su biyu. Auta, ƙato guda, da ya ga allura sai ya rufe ido ya kama hannun nas ɗin yana salati, har ma'aikatan suka yi ta dariya. Tela kuwa ya miƙa hannu ko motsi bai yi ba. Babu wanda ya lura.

Ranar da sakamako ya fito, Likita ta juya musu fuskar kwamfuta. Da'ira biyu ne a jere, kamar maɓallan riga. Ta ce a kowace an zuba ƙwayoyin mutum ɗaya, aka jefa musu ɓurɓushin bairos ɗin. Duk ƙwayar da ta gane shi ta harzuƙa, takan bar ɗigo a wurin. Da'ira ɗaya ta cika da ɗige-ɗige kamar an watsa mata barkono. Ɗayar fara fat, kamar sabon yadi.

Tela ya ɗora yatsa kusa da mai ɗige-ɗigen. “Wannan tawa ce.”

“A'a. Wannan ta ƙanenka ce. Taka ita ce farar.”

Tela ya ce, “An yi musanya a ɗakin gwaji.”

“Ba a yi ba. Sau biyu muka gwada. Lafiyarka ƙalau, ƙwayoyinka ma ƙalau. Kawai dai ba su taɓa haɗuwa da wannan bairos ba, don haka ba su san shi ba. Na ƙanenka sun san shi sarai, kuma cikin ikon Allah rabin alamominsu irin na Ɗigo ne, kamar yadda naka suke.”

Auta ya bushe da dariya ya daki cinya. “Kin ji, Maman Ɗigo? Ashe yawon nawa bai tashi a banza ba! Ba cutar da ba mu gaisa da ita ba.”

Matar ta yi dariya hawaye na zubo mata. Tela ya dubi hannuwansa da ke kan gwiwa, tsattsagaggu, farare don sabulu.

“To ku sa min shi,” ya ce.

“Mu sa maka me?”

“Bairos ɗin. Ku sa min, jikina ya san shi, sannan ku ɗebi nawa.”

Likita ta cire gilashinta ta dube shi da kyau. “Ba a yin haka. Ko da ana yi, Ɗigo ba ta da lokacin jira. Ka gode wa Allah da aka samu a gida. Akwai waɗanda muke nema mu rasa.”

Ya ce ya gode. Kuma da gaske ya gode, don da ya fita baranda sai da ya yi ta hamdala saboda sauƙin da ya ji. Sai dai a ƙarƙashin godiyar akwai wani abu da ya tsaya masa a ƙirji kamar ƙashin kifi, ya haɗiye ya ƙi wucewa.

Ranar ɗiba, aka kwantar da Auta kusa da wata na'ura mai juyawa, jini ya fita ta wannan hannu, a tace, ya koma ta wancan. Tunda hannuwansa biyu a ɗaure suke, Tela ne ya zama ɗan aikensa. Shi ya riƙa ɗora masa kofin ruwa a baki, shi ya sosa masa hanci, shi ya riƙe masa waya a kunne lokacin da tsohuwarsu ta bugo. Muryarta tana fitowa ras, Tela yana jin komai.

“Autana! Allah ya yi maka albarka. Dama na sani, tun kana ciki na san kai mai amfani ne. Ka ceci jikata, ka fitar da mu kunya.”

“Inna, ga Yaya nan kusa, ku gaisa.”

“Ka ce masa ya kula da kai, ya ba ka abinci mai kyau, jini ka bayar.”

Tela ya kashe wayar ya ajiye. Shekara nawa yana tashi yana kwanciya da ciwon yarinyar nan, bai taɓa jin an ce ya fitar da kowa kunya ba. Nas-nas suna wucewa suna ɗaga wa Auta hannu, sun sa masa suna Jarumi. Mai shara ma sai da ta tsaya ta yi masa addu'a. Shi kuwa Tela, in an gan shi sai a ce, “Kai ne wan Jarumi, ko?”

Da ƙwayoyin suka gama rainuwa a ɗakin gwaji, aka kawo su. Tela ya ɗauka jaka guda zai gani. Ashe ɗan sirinji ne, ruwan ciki bai fi cokali biyu ba, launinsa kamar ruwan wankin shinkafa. Tela ne a cikin ɗakin, sanye da riga da hula, yana riƙe da hannun Ɗigo. Auta yana waje a bakin gilashi. Likita tana tura ruwan a hankali tana yi wa yarinyar bayani, cewa waɗansu ƙananan sojoji ne za su shiga su kama ɓarawon da ya dame ta.

“Sojojin wa?” Ɗigo ta tambaya da 'yar muryar da ta rage mata.

“Na Baba Ƙarami.”

Fuskarta ta washe, karo na farko tun da aka kwantar da ita. Ta zare hannunta daga na Tela ta ɗaga wa Auta. Shi kuma ya ƙame ya sara mata. Tela ya tsaya da tafinsa a buɗe, bai san inda zai kai shi ba, sai ya gyara mata bargo.

Kwanakin da suka biyo baya zazzaɓin ya ƙaru. Likita ta ce kada su tsorata, sau da yawa alamar an kama faɗa ce. Wata la'asar Ɗigo tana cikin magagin zazzaɓi, ta buɗe ido ta ce, “Baba.”

“Na'am,” in ji Tela daga bakin gado.

“Na'am,” in ji Auta ta 'yar na'urar magana da ke jikin gilashi. A tare suka amsa.

Ta juya kai wajen gilashin. “Sojojinka suna da zafi.”

“Haka suke, uwata. Irin ubangidansu ne, ba sa aiki shiru.”

Ta yi murmushi ta koma barci. Tela ya matse tsumman da yake goga mata a goshi har ruwan ya ɗiga a takalminsa.

Washegari da safe yana sauya mata riga sai ya ga ƙuraje jajaye sun feso mata a ƙirji da bayan kunne. Ya tuna abin da Likita ta gargaɗe su tun farko, cewa wani lokaci baƙin ƙwayoyi sukan rikice, su bar cutar su juya kan jikin mai gida, kuma alamar farko a fata take fitowa. Ya danna ƙararrawa. Amma kafin tsoro ya iso zuciyarsa, wani abu ya riga shi zuwa, wani ɗan daɗi mai sanyi. To ga shi nan. Ga jinin Jarumi.

Aka zo aka ɗebi jini, aka yanki 'yar fata kaɗan don a duba. Tela ya fito baranda ya tuɓe hula, ya tarar da Auta da matarsa a tsaye.

“Yaya, me ya faru? Na ga suna ta shiga da fita.”

“Me zai faru? Jininka ne ya fara cin ta.”

“Kamar yaya?”

“Kamar yadda ka ji. Shekara da shekaru ina kare ta daga ƙazantar duniya, rana ɗaya aka ɗura mata ita a jijiya. Wa ya san me ka kwaso a yawonka? Kana ta sara wa mutane kana karɓar addu'a, kamar wani abu ka yi. Kwanciya kawai ka yi aka tatsa, ko ruwa sai da na ba ka a baki.”

Auta, mutumin da ba a taɓa rasa amsa a bakinsa ba, ya tsaya yana murza makullin mota a hannu. Sannan ya ce, “Allah ya ba ta lafiya,” ya juya ya sauka ta matakala, bai jira na'urar hawa ba.

Matar ta lallaɓa ta zauna a benci, hannu ɗaya a ƙugu. Da ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

“Ina bakin gilashi lokacin da ka ɗaga rigarta. Na ga idonka.”

“Me kika gani?”

“Takunkumi baki yake rufewa, Baban Ɗigo, ba ido ba. Ban taɓa tsammanin zan ga haka a fuskarka ba. Kai da ko sauro ba ka yarda ya sauka a kanta.”

Ya so ya ce ƙarya take yi. Ya so ya ce tsoro ne ta gani. Sai kawai ya shiga banɗaki ya buɗe famfo, ya tsaya yana kallon ruwan yana zuba, ya kasa sa hannu. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne, ko a lokacin, da kunyar da komai, ƙashin kifin yana nan inda yake.

Auta bai dawo ba. Ɗigo tana ta tambaya, Tela yana cewa aiki ne ya riƙe shi. Takan juya wa gilashin baya. Tela ya gwada yi mata kukan akuya sau ɗaya, ta dube shi da tausayi ta ce, “Baba, bari kawai.”

Da sakamakon fatar ya fito, Likita ta ce ƙurajen ba na ƙwayoyin ba ne, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da aka ƙara mata jikinta ya ƙi. Aka cire shi, suka bushe. Ta sake juya musu kwamfuta. Layin da ke nuna yawan bairos, wanda ya yi ta hawa tun zuwansu, ya karye ya fara gangarowa. Ta nuna musu wata sabuwar da'ira, ta jinin Ɗigo ce, wadda a da take fara fat. Yanzu ɗige-ɗige sun fara bayyana a cikinta.

“Sun zauna, kuma suna haihuwa,” in ji ta. “Ganinta ma ya fara washewa. Amma waɗannan baƙi ne, ba za su dawwama ba. Da zarar ta yi ƙarfi sai mu yi dashen ɓargo, kada mu jira wata cutar ta riga mu. Kuma gaskiya, wanda ya fi dacewa shi ne ƙanenka, tunda ɓargonsa zai zo da ƙwayoyin da suka san wannan bairos. Ina yake ne? Kwana biyu ban ji muryarsa ba.”

Matar ta dubi Tela. Ya ce, “Zan nemo shi.”

Tashar manyan motoci tana bayan gari, wurin da Tela ya yi shekaru bai taka ba. Hayaƙi, baƙin mai a ƙasa, masu gyaran taya suna buga guduma, kowa yana tofar da yawu inda ya ga dama. Ya riƙa ɗaga ƙafa kamar mai tsallake wuta. Ya tambayi wani bakanike, ya nuna masa can ƙarshen layi yana dariya. “Malam Takunkumi kake nema? Ga shi can, shi kaɗai.”

Auta yana zaune a inuwar motarsa, nesa da sauran direbobi, da takunkumi a fuska, da gorar ruwa a gefe. Motar babu kaya, ƙura ta rufe gilashinta.

Tela ya yi sallama ya tsaya. Auta ya miƙe da sauri. “Yaya? Ba dai...”

“Tana samun sauƙi. Ba jininka ba ne, magani ne. Cutar tana sauka.”

Auta ya koma ya zauna daɓas, ya rufe fuska da tafi biyu. Kafaɗunsa suka yi ta rawa. Tela ya tsaya a kansa bai san abin yi ba, sai ya dubi motar.

“Ba ka yi lodi ba?”

“Na bar wa wani layina. Likita ta ce wataƙila a sake nemana, kada in kwaso mura. Taba ma na daina. Ka ga yadda suke min dariya.” Ya share hanci. “Na ce ko ka kore ni, ai jinin ba naka ba ne da za ka hana.”

Tela ya tattara rigarsa ya zauna a kan wata tsohuwar taya, bai ko kakkaɓe ta ba.

“Ɓargonka suke so yanzu.”

“Su ɗiba. Da allura ne?”

“Babba. A ƙashin ƙugu. Amma za su sa ka barci.”

“Wayyo ni.” Ya dafa ƙugu. “Su ɗiba.”

Wata mota ta wuce ta bulbule su da hayaƙi. Tela ya jira ya lafa.

“Abin da na faɗa maka a asibiti...”

“Tsoro ne, Yaya. Na sani.”

“Ba tsoro ba ne.” Ya kafa ido a ƙasa. “Ƙyashinka nake ji. Tun ranar da aka nuna mana da'irar nan. Kafin nan ma. Ni na yi wahalar, kai take yi wa dariya. Ni na tsare ta, kai ka warkar da ita. In na gan ka a bakin gilashin nan, ji nake kamar in ja labule. Har yanzu da nake zaune a gabanka ina roƙonka, ina jin sa.”

Auta ya sauke takunkumin ya dube shi, kamar yau ya fara ganinsa. “Ni? Ni kake ƙyashi? Mutumin da ke kwana a ƙarƙashin mota?”

“Kai ɗin.”

“Ikon Allah.” Ya sosa ƙeya. Sai dariya ta ƙwace masa, ya daki cinya. “Wallahi da na san haka ne da na ƙara saran nan. Ni duk rayuwata ce min ake in yi koyi da kai.”

“Ba abin dariya ba ne, Auta.”

“To me kake so in yi? In ce ka daina? Ai ba famfo ba ne. Ka ji abinka, Yaya, ka yi ta ji, amma ka bar ni in zauna a bakin gilashin. Shi kaɗai nake da shi.”

Tela ya miƙe ya ce su tafi, lokacin ziyara ya kusa wucewa.

An yi dashen bayan matar ta sauka lafiya, ta sami namiji wanda aka gwada aka ga garkuwarsa ƙalau. Dashen bai zo da sauƙi ba. Gashin Ɗigo ya zube, bakinta ya yi gyambo, akwai makon da Likita kanta ta daina murmushi. Amma ɓargon ya kama. Sannu a hankali jinin Ɗigo ya koma irin na Auta, har rukuninsa ya sauya. Auta kuwa ya sami abin faɗa har abada. Yana ɗingishi da gangan in ya ga mutane, yana dafa ƙugu, yana cewa, “Rabin ƙashina yana jikin yarinyar nan.” Duk lokacin da ya faɗa sai Tela ya ji tsinin abin a ƙirji. Ya daina jiran ranar da zai daina ji. Ya dai koyi rufe baki.

Da Likita ta ce Ɗigo za ta iya shiga makaranta, su biyu suka raka ta ranar farko, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tela yana ta nanata mata abin da za ta yi in ta ji jiri, Auta yana koya mata yadda ake harara in wani ya tsokane ta. Ita kuwa ba ta jin ko ɗaya, idonta yana kan filin da yara suka cika suna ihu. Suna isa bakin ƙofa wata yarinya mai gajeren kitso ta tsaya ta dube ta sama da ƙasa.

“Ke sabuwa ce? Zo in nuna miki ajinmu.”

Ta kama hannun Ɗigo, hannun da ba a wanke ba, da tawada a yatsu. Tela ya ɗaga ƙafa zai bi su, ya fasa. Suka ruga a guje suka shige cikin yara.

Mutanen biyu suka tsaya a bakin ƙofa suna miƙa wuya. Auta ya ɗaga hannu ya shirya sarawa, yana jiran ta waigo. Ba ta waigo ba. Ya daɗe da hannun a sama, sannan ya sauke shi a hankali.

“Ka gani fa,” ya ce, muryarsa ta sauya. “Ko waige. Da ɓargona a jikinta. Wace ce ma wannan mai kitson? 'Yar wa ce?”

Tela ya dubi fuskar ƙanensa, yadda ta yi tsami, leɓen ya turo gaba. Ya san wannan fuska, daga ciki ya san ta. Wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙirji har tafin ƙafa, kuma wannan karon bai ji kunyarsa ba.

“Zo mu je,” ya ce. “Ina da ɗinkin da zan gama kafin a tashe su.”

Suka juya. Auta yana tafe yana waiwaye yana mita har suka sha kwana.